Na Je Kano Sayen Kanta

Kwamitin ci gaban garinmu ne ya tashe ni zuwa Kano. Ɗakin karatun da muka gada tun zamanin En'e ya yi shekara goma sha wani abu a kulle, jemagu sun gaje silin, awakin maƙwabta sun riƙe baranda. Bana 'yan garin da ke aiki a birane suka yi karo-karo, aka sake kwano, aka shafa fenti, ya rage saura littattafai da kantar jera su. Da yake aikin laburare na karanta a Zariya, ko da yake koyarwa ce ta zama abincina, sai dattawa suka ce, "Malama, wannan kam naki ne." Aka damƙa mini kuɗi da takardar lissafi, maigida ya ba ni kwana uku, ya ce in gaishe masa da Gwaggo.

Sammako muka yi, hazo ya rufe ko'ina, direba yana tafe da fitila har Gwarzo. Daga Rimin Gado hanya ta fara cika. Muka wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Rijiyar Zaki, aka sauke mu a Kabuga da hantsi, na tari adaidaita sahu zuwa cikin birni. Duk zuwan da zan yi Kano sai na tarar an ƙara wata gada, ta sama ko ta ƙasa, amma da muka bar Tal'udu muka kama lungunan wajen Mandawari, komai yana nan yadda na bar shi, har ƙarar injin markaɗen da ke bayan ɗakin Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar babana ce. Aure ya kawo ta birni tun ba a haife ni ba, mijin ya rasu ta ƙi komawa gida. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kanta? Kafintocin garin naku ƙarewa suka yi, 'yar nan?"

"Ta ƙarfe ake so, Gwaggo. Gara ce ta cinye ta katakon."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ci tuwonki kar ya huce."

Washegari na fita ta Ƙofar Nasarawa zuwa Laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello. Niyyata in ga yadda suka jera kantocinsu, in auna tsayi da faɗi, in tambayi inda ake ƙera su. Na ajiye jaka inda ake ajiyewa na shiga. Abin da ya fara buga ni shirun wurin ne. A garin da hon ɗin adaidaita ba ya barin ka ji kiran sunanka, ga zaure cike da mutane ba ka jin komai sai buɗa takarda. Yawancinsu samari ne da 'yan mata masu shirin jarrabawa, kowa da tarin takardunsa da ya zo da su daga gida, sai wasu dattawa can gefe sun duƙufa kan jarida. Na fahimce su sarai. Wanda ke kwana ɗaki guda da ƙanne shida, tebur da kujera da shiru ma dukiya ne.

Ina cikin awon kanta da tef ɗin tela wani dattijon ma'aikaci ya tsaya a kaina. Na gaishe shi, na yi masa bayani. Ya ja kujera ya zauna, da gani ya daɗe bai samu mai tambayarsa irin wannan ba.

"Ɗakin naku mai taga biyu ne da baranda, kusa da gidan hakimi?"

Na ce, "Kamar kun taɓa zuwa, Baba."

"Duk ɗinkinsu ɗaya."

Daga nan muka shiga tarihi, shi yana kawo abin da ya ji daga magabatansa a aiki, ni ina jona abin da na tuna daga aji. Irin waɗannan ɗakuna sun yaɗu ne a shekarun 1940, lokacin yaƙin Hitila, sa'ad da Turawa ke son labarin yaƙi ya isa kunnen mutane ta bakinsu. Tebur ne da benci da taswira a bango, sai Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a Janairun 1939, makulli kuma yana aljihun wani malamin En'e. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, yana aika akwatunan littattafai zuwa waɗannan ɗakuna da makarantu, a karanta a mayar a kawo wasu. A 1963 wani masani daga Ostareliya mai suna Sharr ya zagaya Arewa ya rubuta rahoto kan abin da ake buƙata, cikin shawarwarinsa har da horar da ma'aikata a gida. Sashen da na yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka buɗe a 1968, daga wannan hanyar ya fito.

Sai kuma aka shiga rabon gado. A 1967 Gawon ya yanka Arewa gida shida, littattafan Kaduna ma aka kasa su, Kano ta Audu Bako ta kwaso nata kason ta fara gina nata. A 1976 aka rushe En'e, ɗakunan karatu suka koma hannun ƙananan hukumomi, waɗanda ke da rijiya da asibiti da albashi a gabansu kafin su tuna da jarida. A 1991 aka cire Jigawa, aka sake rabo. Yau Kano tana da ƙananan hukumomi 44, hukumar laburare ta jiha tana da rassa a wasu daga ciki. Baba ya ce shi ya ga lokacin da littafi ke zuwa a kwali-kwali daga Ingila, ya kuma ga lokacin da darajar naira ta faɗi a shekarun 1980, kuɗin da ke sayen kwali ya koma ba ya sayen guda goma.

Ya kalli tef ɗin da ke hannuna, ya ce, "Malama, in tambaye ki. Ranar da kuka buɗe ɗakin nan, su wa za su shigo?"

Na ce ɗalibai, da malamai.

"Matan aure fa?"

Na yi shiru. Ɗakinmu yana kallon dandalin da 'yan acaɓa ke tsayawa, gefensa kuma teburin mai shayi. Ni kaina da na karanci abin, ban ga ranar da zan ratsa wannan majalisa in shiga in zauna ba.

Da zan fita na bi ta gaban sashen da ofishin jakadancin Amurka ya buɗe a harabar, sai wani darasi na shekarar farko a jami'a ya faɗo mini, wanda na haddace don jarrabawa kawai. A Amurka akwai abin da suke kira kawunti, wato kamar gunduma ko ƙaramar hukuma a wurinmu: gari guda babba da ƙauyuka da gonakin da ke kewaye da shi. Da can laburare na mutanen gari ne, manomi ba shi da rabo. A 1901 aka buɗe laburare a garin Hagastawun, a kawuntin Washintan ta jihar Merilan, da sharaɗin na kowa ne a gundumar, kuma yana cikin na farko-farko da aka yi haka. Matar da aka ba riƙonsa, Mary Titcomb, ta lura manomi ba zai bar gona ya yi tafiyar yini don littafi ba. Sai ta riƙa zuba littattafai a akwatuna tana ajiyewa a kantunan ƙauye da gidajen waya, har wuraren ajiyar suka haura sittin. Da ta ga akwai gidajen da ko kantin ma ya yi musu nisa, a 1905 ta sa aka ƙera keken doki mai kanta a jikinsa, ta ɗora mai sharar laburaren, Joshua Thomas, ya zama direba, saboda ɗan yankin ne, kowa ya san shi, ba mai jin kunyar karɓar littafi a hannunsa. Keken baƙi ne wuluk, har wani manomi ya ɗauka na ɗaukar gawa ne ya ce a wuce, ba su da mamaci, dole aka sa masa jan fenti. A 1910 jirgin ƙasa ya take keken, mutum da dawaki suka tsira, a 1912 aka maye shi da mota. Ingila ma sai a 1919 doka ta ba gundumominta ikon yin laburare. Tsarin da suke tinƙaho da shi yau, hedikwata guda da rassa da mota mai yawo da katin aro guda, daga akwati a kan teburin mai kanti ya taso. Na ci wannan tambaya a jarrabawa, amma ban taɓa kawo garinmu a ciki ba.

Kafin la'asar na leƙa Gidan Ɗan Hausa, tunda ba nisa. Ginin ƙasa ne mai sanyi kamar randa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ake kira Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Shi ɗin ne kuma, bayan shekara talatin, ya yi aikin binciken buƙatun laburare a Afirka ta Yamma tare da Margaret Wrong, da kuɗin gidauniyar Carnegie. Ban daɗe ba, ƙafata ta gaji.

Rana ta biyu Gwaggo ta haɗa ni da jikanta ya raka ni Kurmi, don kwamiti ya ce lallai a sa littattafan addini. Wanda bai san Kurmi ba, ko da taswira sai ya ɓata. Muka ratsa 'yan kanwa da masu kayan yaji, muka wuce dukawa da warin fata, lungu yana haihuwar lungu, har muka iso rumfunan littattafai. Kasuwar nan tun zamanin Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma sarkin da Shehu Magili ya sauka wurinsa har ya rubuta masa littafi kan yadda ake mulki. Tarihin Kano ya ce tun kafin Rumfa, a zamanin Sarki Yakubu, Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da lugga, alhali kafin nan, ban da Alƙur'ani, na fiƙihu da hadisi kaɗai malaman garin ke da su. Garin da ke ajiye tarihin ranar da wani fanni na littafi ya shigo shi, ba a 1940 ya fara sanin karatu ba.

Mai rumfar da muka tsaya wurinsa tsoho ne, yana zaune kan buzu, littattafai sun kewaye shi har rufi: Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, bugun Kano a gaba, manyan masu jar takarda bugun Misra da Bairut a sama.

"Allah gafarta Malam, na makaranta nake so, masu fassarar Hausa."

Ya sa yaronsa ya zaɓo. Da ya ji na ɗakin karatu ne, ya jawo wata tsohuwar gafaka daga bayansa, ya ce ba ta sayarwa ba ce, ta kakansa ce. Ya kwance igiyar, ga takardu warwara, ba ɗinki, rubutun hannu da baƙar tawada da ja. Ya nuna mini ƙasan kowane shafi, inda aka rubuta kalmar farko ta shafin da ke biye, don in sun tarwatse a iya mayar da su. Ya ce amfanin rashin ɗinkin, almajiri biyar za su iya ɗaukar littafi guda a rana guda, kowa da 'yan warƙoƙinsa, ya je ya kwafa ya dawo da su. Na tambaye shi ko ba sa ɓata. Ya yi dariya.

"Suna ɓata mana, Hajiya. Amma wanda aka kulle a akwati ai gara ke karanta shi."

Na biya, ya yi mini ragi ba tare da na roƙa ba, ya ce ladan a raba da shi.

Abin da ya juya mini tafiyar a daren nan ya faru, ina zaune a tsakar gida ina lissafin rasit. Bayan magariba wata yarinya ta yi sallama, ba ta fi shekara takwas ba, da littafi a ƙarƙashin hijabi.

"Wai in ji Ummata tana gaishe ki, ga na ɗaya, a ba ta na biyu."

Gwaggo ta karɓa, ta buɗa ta duba ko shafi ya fita, ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar jan ƙarfe a siminti. Kafin isha'i yara huɗu suka zo. Ɗaya an ce masa na ukun yana gidan mai unguwa, ya dawo jibi. Ɗaya an mayar da shi da saƙo: a gaya wa amarya miya ta zuba a bangon, kar a kuma. Na kasa haƙuri na bi ta ɗaki. Akwatin ƙarfe ne irin na amaren da, har biyu, a ƙarƙashin gado, maƙil da littattafan Hausa, an ɗaure kowane labari da kyauron roba, na ɗaya da na biyu da na uku wuri guda. Waɗanda suka yage ta ɗinke su da zare da allura, ta yi musu bango da takardar kalanda.

Na san Gwaggo tana karatu. Ita ce ma ta fara ba ni littafi ina 'yar firamare. Abin da ban sani ba shi ne lungun gaba ɗaya a ƙarƙashin gadonta yake karatu. Ba ta yi boko tana yarinya ba. A ajin yaƙi da jahilci ta koyi haɗa baƙi, lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, tana da 'ya'ya uku. Ba a daɗe ba, a tsakiyar shekarun 1980, marubutan Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, mata da yawa a cikinsu, har da Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Murtalan da babban laburaren ke ɗauke da sunansa. 'Yan boko suka raina abin suka kira shi adabin kasuwa, malamai suka yi ta wa'azi a kansa, a 2007 har ƙona wasu aka yi a bainar jama'a. Ni ma malama ce, na sha ƙwace su a aji, kuma wasunsu sun cancanci ƙwacewa. Amma matan da aka koya wa karatu aka bar su ba abin karantawa, waɗannan littattafan ne suka hana baƙin ya gudu daga kansu.

"Gwaggo, ina rajistarki?"

Ta nuna goshinta. Ta lissafa mini gida goma sha ɗaya da abin da ke hannun kowace, har da wadda ta yi yaji ta tafi da na biyu, ana jiran a yi biko littafi ya dawo. Da can tana karɓar 'yan kuɗin haya kamar yadda masu shagon haya suke yi, yanzu ta daina. Sharaɗinta guda: wadda ta sayi sabo, in ta gama ta kawo akwati. Ta ce kasuwar ta ja baya, 'yan matan yanzu a waya suke karatu, marubuciya ta sako labari a WhatsApp shafi-shafi, ka tura kuɗi a saka ka a rukuni, wasu kuma sauraro suke a rediyo ko YouTube. Amma wayar gidan sau da yawa tana aljihun maigida, caji ma aiki ne, don haka yara ba su daina sallama ba. Kuma ba labaran soyayya kaɗai ke ciki ba. Na ga na girke-girke, na addu'o'i, na tarihin annabawa, da wani kan rainon ciki wanda ya fi kowanne laushi don shan hannu.

Na kwanta ina juya abin. Wurin ajiya a cikin unguwa, mai riƙo wadda kowa ya sani, ɗan aike mai kaiwa har ɗaka. Abin da na haddace da Turanci game da Merilan ke nan, ga shi a lungun Mandawari ba doki ba keke, yarinya ce da hijabi. Abin da Gwaggo ba ta da shi, shi ne abin da kawunti ke da shi: wani babba a bayanta mai saye da kuɗin jama'a, mai zuwa duk wata ya ɗauke waɗanda aka gama ya kawo sababbi. Akwatinta shekara nawa yana juya abu guda. Mu kuma a garinmu muna shirin yin babban, ba mu tanadi ko ƙafa guda da za ta kai littafi cikin gida ba.

Da safe na kira shugaban kwamiti, wayarsa a kashe. Na ɗauki hakan a matsayin izini, Allah ya yafe mini.

Na tafi Bata da Sabon Gari. Na sayi littattafan jarrabawa da ƙamus da na yara masu hotuna, na zaɓi na Hausa da Gwaggo ta rubuta mini sunayensu a bayan kwalin ashana da takardar magani, ta ce waɗannan ko gaban surukai a karanta. Kanta kuwa biyu na saya maimakon shida da aka rubuta. Ragowar kuɗin na sayi akwatunan ƙarfe guda biyar da kwaɗo biyar da littafin rajista biyar, ɗaya don kowace unguwa a garinmu. Tun a kasuwar na fara jera matan da zan roƙa su riƙe: ungozoma, da malamar Islamiyya, da wata dillaliya da ba gidan da ba ta shiga. Mai sayarwar ya ce kantar ƙarfe sai an kwance ta kafin ta shiga mota, wannan ya ci mini awa biyu.

Gwaggo ta rako ni har bakin lungu, abin da ba ta saba ba. Ta cusa mini ƙullin daddawa da wata leda, ta ce in buɗe a gida, jarin akwatin farko ne.

A Kabuga 'yan kamasho suka yanyame ni. Ɗaya ya ƙwanƙwasa akwati ya ce, "Hajiya, lefe ne? Allah ya sanya alheri. Amma kuɗin kaya sai kin ƙara, wannan ai kamar duwatsu aka zuba." Na ce littattafai ne. Ya dube ni, ya dubi akwatunan, ya ce to ango malami ne ke nan. Muka yi ciniki, aka ɗaure kantocin a saman mota da igiya, akwatuna a but, murfin bai rufu ba.

Mun wuce Rimin Gado ina ta tsara yadda zan yi wa dattawa bayanin rasit mai cewa akwati inda suka rubuta kanta, sai wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce.

"'Yar nan, duba ledar nan. Akwai wani mai koren bango, na uku?"

Na laluba, na ce akwai.

"Kuskure na yi. Ki ba direban ya dawo mini da shi gobe, matar mai unguwa ta aiko sau biyu."